Koyon sana'a ta wayar salula: ido na gani, hannu bai taɓa ba

A watan Maris na 2020 cutar korona ta sa gwamnatin Nijar ta rufe makarantu, aka yi ta kiran yara su ci gaba da karatu ta intanet. An sake buɗe lakwal a watan Yuni, amma wayar ba ta koma aljihu ba. Har yau iyaye mata a kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa suna cire kuɗin kiredi daga ribar tumatur da atamfa, saboda yaro ya ce darasinsa yana cikin waya.

Mun saurari ƴan koyon sana'a na cibiyoyin CFM, kuma ba su raina abin ba. Masu koyon ɗinki sun ce a YouTube suke ganin sabon yayin wuyan riga tun kafin ya iso kasuwa. Masu gyaran babur da sanya faranti mai aiki da rana sun ce bidiyo ba ya gajiya, ba ya tsawa: in ba ka gane ba, sai ka mai da shi baya sau goma. Ƴan mata da ba a bari su fita bayan la'asar suna karɓar darasi ta WhatsApp suna tsakar gida.

Kukansu kuwa ya fi yawa. Rezo yana yankewa, bidiyo na cinye kiredi kamar gara, yawancin darussan kuma da Faransanci ko Turanci ne. Wuta ma matsala ce. Kowa ya tuna yadda aka sha duhu bayan Nijeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agusta na 2023.

Amma babban abin da suka fi nanatawa shi ne hannu. Waya ba ta gaya maka zare ya yi tauri a keke, ko ƙarfe ya yi zafin da zai huje wajen walda. Malami ne ke kama hannunka ya gyara. Wanda ya yi kuskuren yanka a yadin mutane, ba bidiyo ne zai biya ba.

A ganinmu, uwar da ke biyan kiredi tana da haƙƙin tambaya. Kada ki tsaya ga "ina karatu". Ki ce ya kawo miki rigar da ya ɗinka a wannan mako, ki juya cikinta ki duba ɗinkin.