Hannun da Ya Zana Fijo 504

Duk wanda ya yi wayo a Arewa tsakanin shekarun 1970 da 2000 zai gane Fijo 504 ko da daga nesa ya hango ta cikin ƙura. Ita ce motar babban sakatare, ita ake wa ado a ɗauko amarya, ita ce kuma ke layi a tashar Kawo ko ta Unguwa Uku, 'yan kamasho na kiran saura mutum ɗaya. Makanikai sun haddace cikinta, masu sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa sun ci abinci da ita shekara da shekaru. Amma ka tambayi ko wane ne ya zana siffarta, amsar da za ka samu ita ce Faransawa ne. Amsar ba ta cika ba, domin mafi yawan jikin motar nan a Italiya aka zana shi, kuma wanda ya riƙe fensirin yana da suna da labari mai ban mamaki.

Abin da ya sa sunan ya ɓoyu al'ada ce ta gidan da ya yi wa aiki. Tun 1951 kamfanin Peugeot ya ƙulla hulɗa da wani gidan zanen motoci da ke birnin Turin, wanda Battista Farina ya kafa a 1930, aka san shi da Pininfarina. Su suka zana 403 da ta fito a 1955, su suka zana 404 ta 1960. A wancan gida, ma'aikaci yakan zauna ya yi ta zane a takarda, masu sassaƙa su fitar da siffar da katako da farar ƙasa daidai girman mota, maigida ya zo ya zagaya ya ce a rage nan, a ɗaga can. Idan mota ta fito, sunan gidan kaɗai ake ambata. Sai bayan shekaru masu yawa, da masu bin diddigin tarihin mota suka riƙa zama da tsofaffin ma'aikatan suna duba takardun zanensu, aka fara sanin aikin wane ne wane. A kan 504 mai ƙofa huɗu, sunan da ya fito shi ne Aldo Brovarone.

An haife shi a 1926 a Vigliano Biellese, wani ƙaramin gari a yankin Biella da ya shahara da saƙar ulu. Yana yaro burinsa tuƙin jirgin sama ne. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa wannan, sojojin Jamus suka kama shi suka tsare a wani sansani a Foland. Da ya tsira, Italiya ta zama kufai, aiki ya yi wuya, sai ya bi sahun dubban 'yan ƙasarsa ya tsallaka teku zuwa Ajantina. A can ya haɗu da Piero Dusio, attajirin da ya kafa kamfanin Cisitalia, wanda ya koma Ajantina ya buɗe wata masana'antar mota mai suna Autoar bayan kasuwa ta juya masa baya a gida. Brovarone ya fara zanen mota a wurinsa. Da ya dawo Italiya a farkon shekarun 1950, ta hanyar Dusio ɗin ya samu shiga gidan Farina, ya fara a matsayin mataimaki ga manyan masu zane na lokacin, Francesco Salomone da Franco Martinengo.

Ga inda labarin ya fi kama ni. A 1965 Pininfarina ya baje wata mota a bikin motoci na Paris, Dino Berlinetta Speciale, gajeriya ƙwarai, injinta a bayan direba, jikinta duk lanƙwasa. Daga ita aka samo Dino 206 da 246 na Ferrari, waɗanda har gobe ake lissafa su cikin motoci mafiya kyau da aka taɓa ƙerawa. Brovarone ne ya zana ta. Kuma a daidai waɗannan shekaru, a kan teburin nan, yana fama da zanen motar iyali da Peugeot ke so ta gaji 404. Wato hannun da ya zana abin hawan attajiran Turai shi ne ya zana motar da ta riƙa jigilar fasinja da buhunan albasa tsakanin Sakkwato da Gusau.

Wanda ke son ganin hannun nasa, ya tsaya a gefen 504 ya dubi but ɗinta. Murfin yana fitowa daga ƙarƙashin gilashin baya a miƙe, ya yi 'yar tafiya, sai ya karye ya gangara ƙasa zuwa fitilun baya. Motocin zamanin yawanci but ɗinsu a shimfiɗe yake har ƙarshe, ita kuwa 404 ma har da 'yan fukafukai masu tsini a baya. Wannan karyewar ta sa motar ta yi kamar ta ɗan tsuguna tana shirin tashi, ta kuma rage mata nauyi a ido. Da ta fito wasu a Faransa sun yi ta gunaguni a kan wannan baya, amma shi ne ya zama alamarta. Masu gyaran jikin mota a Panteka sun san wahalarsa: idan aka daki motar ta baya, dawo da layin karyewar nan daidai a ɓangarorin biyu shi ke raba gwani da ɗan koyo.

Fuskar motar kuma labarinta daban. Peugeot na da nasa ɗakin zane a La Garenne, kusa da Paris, ƙarƙashin Paul Bouvot, kuma shugabannin kamfanin sun sa gida da baƙi kowa ya kawo nasa samfurin. Abin da aka ƙera a ƙarshe haɗin gambiza ne, kuma masu tarihin Peugeot suna jingina gaban motar ga mutanen Bouvot. Su suka kawo fitilun nan da ba zagaye ba, ba kuma murabba'i ba, masu ɗan tashi ta gefen waje kamar idon da aka ja wa kwalli. A Faransa har ana kiran su idanun Sophia Loren, fitacciyar 'yar fim ɗin Italiya. Cikin matasan da ke ɗakin zanen a lokacin akwai Gérard Welter, wanda ya shiga Peugeot a 1960 yana ɗan shekara 18. Waɗannan fitilu sun zama tambarin gidan, aka ci gaba da ganin irinsu a 505 da motocin da suka biyo baya. A ganina rabon ya yi daidai: Italiyawa sun ba ta jiki, Faransawa sun ba ta kallo, kuma babu wanda zai dubi motar ya ga inda aka yi ɗinkin.

Wani abin da ke rikita masu bincike shi ne akwai wata 504 mai ƙofa biyu, da kuma mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda aka nuna a Janiba a 1969. Ko falle ɗaya na ƙarfen jikinsu bai yi daidai da na mai ƙofa huɗu ba. Waɗannan aikin Franco Martinengo ne, tsohon ubangidan Brovarone, kuma a masana'antar Pininfarina ake haɗa jikinsu, shi ya sa suke ɗauke da tambarin gidan a gefe. Tamu da aka harhaɗa a Kaduna zakin Peugeot kawai take ɗauke da shi.

An so a fito da motar tun tsakiyar 1968, sai zanga-zangar ɗalibai da yajin aikin watan Mayu suka tsayar da Faransa cik, aka ɗage zuwa Satumba. Ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita, kuma a shekarar ce masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa Fijo. Tashar jiragen ruwan Legas ta cushe a lokacin, don haka aka riƙa ɗauko sassan motar ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, sannan a gangara da su Kaduna. Da gwamnatin soja ta Obasanjo ta zo da tsarin rage facaka, 504 ta zama motar manyan jami'ai. Doguwar mai layin kujeru uku ta kama tashoshi, a-kori-kura ta kama kasuwannin ƙauye daga Katsina har Maraɗi. Juriyar da ta sa aka ƙaunace ta a hanyoyinmu, wato tsayinta daga ƙasa da laushin shokozobanta, aikin injiniyoyin Peugeot na Sochaux ne, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu.

A 1983 Faransa ta daina ƙera mai ƙofa huɗu. A shekarar ce kuma 205 ta fito, motar da ɗakin zanen Peugeot, da Welter a gaba, ya kayar da samfurin Pininfarina a kanta. Ita kuwa 504 ta ci gaba da rayuwa a wasu wurare: a Ajantina, ƙasar da Brovarone ya fara koyon sana'ar, an ƙera ta har 1999, a Kenya har 2004, Kaduna ce ta riƙe ta har tsakiyar shekarun 2000. Jimillar da aka ƙera ta haura miliyan 3.

Brovarone ya zama shugaban sashen zane na Pininfarina a shekarun 1970, ya sa hannu a aikin Ferrari F40 kafin ya yi ritaya a 1988. Ya rasu a watan Oktoban 2020 yana da shekara 94. Jaridun mota na Turai da suka yi ta'aziyyarsa da hoton Dino suka buɗe, 504 sai a tsakiyar jerin ayyukansa. Ni da za a tambaye ni, da ita zan fara, domin Dino 'yan dubbai aka ƙera, 504 kuwa ta kai mata asibiti haihuwa, ta kai ɗalibai Zariya, ta raka alhazai filin jirgin Kano har tsawon shekara 30.