Gyambo da Tantanin Mahaifa

Kakana marini ne a Ƙofar Mata. Shekara uku ke nan gyambo na cin ƙafarsa dab da idon sawu. Likita ya ce yawan tsayuwa ya raunana jijiyoyin da ke mai da jini sama, jini ya kwanta, fata ta fashe.

Ashe mabiyiyar da muke binnewa bayan ɗaki tana da wani tantani mai magani. Tun 1910 aka gwada shi a Amurka. Akan auna jinin maijego, a tsabtace tantanin, a shimfiɗa bisa gyambon. Zafi ya ragu, sabuwar fata ta tsiro daga gefe. Amma tilas a naɗe ƙafar tam da bandeji, a riƙa ɗaga ta. Nan muke fama da Kaka, don ba ya zama.