Zawo da Gishirin Jikin Yaro

Jikin ɗan Adam ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, amma ba ruwa zalla ba ne. Duk wanda gumi ko hawaye ya taɓa shiga bakinsa ya san da gishiri a ciki. Manyan gishirin jiki guda biyu ne, likitoci na kiransu sodiyam da fotasiyam. Da su ne zuciya take bugawa daidai, gaɓoɓi su motsa, ƙwaƙwalwa ta yi aikinta. Idan yaro yana zawo ko amai, ruwa da gishirin nan tare suke fita. Jikin yaro kuwa ƙarami ne, ba shi da ajiya mai yawa, saboda haka yini ɗaya ya isa ya galabaitar da shi.

A Gangara da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har zuwa Gazawa da Agye da Gidan Rumji, abin ya fi tsanani da damina. A lokacin ne ruwan sama yake kwasar ƙazanta zuwa rijiyoyi da tabkuna, rumbuna sun yi ƙasa, zazzaɓin sauro kuma ya yi yawa. Wani lokaci kwalara ma takan shigo jihar Maraɗi, kamar yadda ta ɓulla a Madarumfa a 2018.

Gishirin jiki yana iya yin kaɗan, yana kuma iya yin yawa, kuma duka biyun suna kisa. Idan yaro ya daɗe yana zawo, ana ta ba shi ruwa kawai ko shayi, ba nono ba abinci, sodiyam ɗinsa yakan ragu. Sai ya yi laushi, barci ya rinjaye shi, har ya kai ga jijjiga. Idan fotasiyam ne ya ragu, hannu da ƙafa su mutu, ciki ya kumbura, bugun zuciya ya rikice.

Yawan gishirin kuwa sau da yawa daga hannun masu son yaron yake fitowa. Uwa ta ji an ce ruwan gishiri da sukari magani ne, sai ta ƙara gishiri don ya fi ƙarfi, ko ta juye fakitin maganin a ƙaramin kofi maimakon lita guda. Wannan haɗi ba ya kashe ƙishirwa. Ruwan jikin yaron yake janyewa. Za a ga yana neman ruwa ido rufe, yana kuka ba ya rarrasuwa, daga baya jijjiga ta biyo. Haka nan kada a ba shi jiƙon kanwa, domin kanwa ma sodiyam ce a cikinta.

Maganin dai awo ne. A sami fakitin da ake kira SRO a gidan likita. A wanke hannu da sabulu, a juye fakiti ɗaya gaba ɗayansa cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. Ledar ruwan sayarwa biyu, masu rubutun 50 cl, lita ɗaya ke nan. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'i zuwa rabin babban kofi bayan kowane zawo, da cokali, kaɗan-kaɗan. Wanda ya wuce haka a ba shi rabi zuwa cikakken kofi. In ya yi amai a dakata minti 10, sannan a ci gaba a hankali. Abin da ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo. In babu fakiti, a sa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. A ɗanɗana: kada gishirinsa ya fi na hawaye. Nono kuma kada a tsayar da shi ko kaɗan. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara da ƙwayar zinki, kwana 10 zuwa 14, domin tana rage tsawon zawo.

Akwai lokacin da gida ba ya iyawa. Idan yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko idanunsa sun faɗa, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko ana tashinsa da ƙyar, ko ya yi jijjiga, ko an ga jini a kashinsa, a ɗauke shi zuwa gidan likita nan take, ko da tsakar dare ne. A ja fatar cikinsa a saki; in ta daɗe ba ta koma ba, ruwa ya ƙare sosai. Faɗawar maɗigar jariri ma alamar rashin ruwa ce, shafa mata magani ba ya tayar da ita. Kuma kada a zauna jira da cewa zawon haƙori ne. In yana iya haɗiya, a ci gaba da ba shi ruwan a kan hanya. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta kafa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta.

Yaro mai tamowa, wato wanda ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa suka kumbura, hukuncinsa dabam ne. Jikinsa ya riga ya tara sodiyam, fotasiyam ya yi masa ƙaranci, zuciyarsa kuma ba ta da ƙarfi. Ruwa mai yawa a lokaci guda yana iya tsayar da ita. Irin wannan yaro ba a jinyarsa a gida. A cibiyar kwantar da masu tamowa, wadda ake kira CRENI, akwai haɗi na musamman mai suna ReSoMal, mai ƙarancin sodiyam da ƙarin fotasiyam. Ma'aikatan jinya suna ba shi kaɗan-kaɗan, suna auna nauyinsa, suna duba numfashinsa da bugun zuciyarsa har ya farfaɗo.