Waya Sabuwa, Sabis Tsoho

Tun da MTN ta buɗe 5G a 2022 a birane irin su Legas, Abuja da Kano, ake ta musu a kansa a majalisun shayi na Jere. Wasu na riƙe da jita-jitar 2020, wadda ta ɗora wa 5G laifin korona har aka ƙona ƙarafan sabis a Ingila. Wannan ba ta da tushe, domin korona ƙwayar cuta ce, kuma ta shiga garuruwan da ko 3G ba su da shi. Abin da ya fi damuna shi ne matashin da ya sayar da cittarsa ya sayo waya mai tambarin 5G a kwali, yana tsammanin ya rabu da matsalar sabis. Da ya bar bakin titin Abuja zuwa Kaduna ya nufi ƙauyukan Kagarko, sai ya ga harafin E a saman wayar, hoto ɗaya na ta juyawa ya ƙi buɗewa.

Wannan E ɗin 2G ne, tsarin GSM da Turai ta fara aiki da shi a 1991, ya iso mana a Agustan 2001 bayan hukumar NCC ta sayar da lasisi kan dala miliyan 285 kowanne. Shi ya binne tsohon layin waya na 090 na manyan mutane. An ba da lasisin 3G a 2007, shi ne H ɗin da ake gani, sannan 4G ya fara yaɗuwa wajajen 2016. Kowane zamani yarjejeniya ce da injiniyoyin duniya suka rubuta kan yadda waya da ƙarfen sabis za su fahimci juna. Waya ba ta zuwa da sabis a cikinta. Abin da ƙarfen da ke kusa ya iya, shi za ta karɓa.

Ga inda mutane suka fi ruɗewa. Zangon sadarwar da kamfanonin MTN da Mafab suka saya a gwanjon Disambar 2021, kan dala miliyan 273.6 kowannensu, na megahaz 3,500 ne. Yana ɗaukar data mai yawa, amma ba ya nisa, kuma bango da ganyen bishiya suna rage masa ƙarfi. Amon tambari yakan kai ƙauyen gaba, na sarewa kuwa sai wanda ke kusa. Zango na ƙasa, irin 800 da 900, shi ne mai ratsa daji da tudu. Shi ya sa 5G ke buƙatar ƙarafa kusa da kusa, kowanne da janaretansa da man gas da mai gadi, kuma kamfani ba ya kafa su sai inda jama'a suka yi cunkoso.

Mai POS a kasuwar Jere, wanda ke ɗaga na'urarsa sama yana jiran kuɗi su wuce mutane sun yi masa layi, 4G mai tsayawa daram ya ishe shi. Haka ɗalibin da ke cike takardar JAMB. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF musamman domin kai sabis inda riba ba za ta kai kamfanoni ba. Ina son in ji wakilanmu na Kudancin Kaduna suna tambayar ƙarafa nawa asusun ya kafa tsakanin Jere da Kafanchan, da kuma wanda ke biyan diyya duk lokacin da masu aikin titi suka tsinke kebul ɗin da ke binne a ƙasa, gari ya kwana babu sabis.