Farfaɗo da tsohuwar Peugeot 504: daga ƙarƙashi ake farawa

Duk wanda ya samu tsohuwar Peugeot 504 da niyyar dawo mata da martabarta, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne fenti da kujeru, domin nan ido ke sauka, nan kuma abokai ke yabawa. Sai dai motar da aka yi wa sabon fenti alhali ƙasanta ya ruɓe, kyan ɗan maciji gare ta. Kuɗin farko na abin da ba a gani ne: ƙarfen da ke ɗauke da motar, ƙafafun da take tafiya a kansu, da birkin da zai tsayar da ita.

Motar ta cancanci wahalar. A Faransa aka fito da ita a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969, kuma da ita Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna, inda aka ci gaba da haɗa 504 har shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da daina yin ta. Shi ya sa har yau ba a rasa kayanta a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, ba a kuma rasa dattijon bakaniken da ya san ta ciki da bai.

Abu na farko da ya kamata mai mota ya gane shi ne salun da wagon na 504 ba su da casis daban wanda ake ɗora bodi a kai irin na babbar mota. Bodin shi ne casis ɗin. Daben ƙasa, da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da ginshiƙan da ke riƙe da rufi, su ke ɗaukar nauyin komai. Saboda haka tsatsar da ta ci ƙarƙashin ƙofa ba lalacewar ado ba ce, ƙashin motar ta ci.

A ɗaga motar sama, a wanke ƙasanta tas, a ɗebe kafet da kujeru, sannan a bi ta da fitila da sukundireba. Wuraren da suka fi ɓoye ɓarna su ne ƙarƙashin ƙofofi, wajen da ake kafa jak, ƙasan but, ƙarƙashin mazaunin batir inda ruwansa ke ɗiga, da saman ramin tayar gaba inda kan shokozoba ke ɗaure. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi idan an ƙwanƙwasa shi. Ruɓaɓɓe kuwa sai a ji shi luɓus, wani lokaci sukundireba ta zarce ciki. A kuma bi jikin da mayen ƙarfe. Inda ya ƙi kamawa, fila aka cika wurin da ita aka shafe da fenti.

Busasshiyar iskar Arewa tana yi wa ƙarfe rana, don haka motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Maraɗi ta kan fi wadda ta zauna a Legas, ko wadda aka shigo da ita daga Turai inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Ciwon motocinmu daban ne: lodi. Wagon ɗin da ta yi shekaru tana jigila tsakanin tasha da tasha, fasinja maƙil da buhuna a baya, ƙarfenta gajiya yake yi ya tsage, galibi a kusa da inda ƙafafu ke ɗaure. Kafin a taɓa komai a ɗauko tef a auna ƙasan motar a gicciye, daga gaban dama zuwa bayan hagu, sannan daga gaban hagu zuwa bayan dama, a kan wurare masu daidai da juna. Idan awon biyu ya saɓa, motar ta taɓa cin karo ta karkace, kuma babu alaimen ɗin da zai sa ta tafi miƙe sai an ja ƙarfen ya koma mazauninsa.

A wajen walda ne ake yawan cutar masu mota. Hanyar sauri ita ce a ɗora faci a kan ramin tsatsa a liƙe, ruwa ya maƙale tsakanin ƙarafan biyu, ɓarna ta ci gaba a ɓoye. Aikin gaskiya shi ne a yanke ruɓaɓɓen har sai an tarar da farin ƙarfe, a yanko sabo mai kauri ɗaya, a haɗa baki da baki. Waldar kabaid da aka fi sabawa da ita tana zuba zafi da yawa, tana lanƙwasa siririn ƙarfe. In da hali, a nemi mai injin MIG. Idan za a yanke ƙarƙashin ƙofa, sai an fara tokare bakin ƙofar da ƙarfe, in ba haka ba bodin ya saki, ƙofa ta daina rufuwa daidai. Kafin a fara walda, a cire kan batir, a sauke tankin mai gaba ɗaya. Tankin da babu mai a ciki amma da tururinsa ya fi cikakke saurin fashewa.

Sai ƙarfe ya tsaya da ƙafarsa ake komawa kan ƙafafu. A gaba, sifirin da shokozoba a haɗe suke wuri ɗaya, tsarin da ake kira MacPherson. A baya kuwa 504 ba iri ɗaya ba ce: akwai salun da kowace taya ke motsi ita kaɗai, akwai mai aksul guda, wagon tana da sifirin nannaɗaɗɗu biyu a kowane gefe saboda lodi, a-kori-kura kuma sifirin ganye gare ta. A leƙa a tabbatar da wadda ake da ita kafin a tafi kasuwa. Duk wata roba da ke ƙasan motar, bushin ne ko murfin sitiyari, a ɗauka ta mutu; zafinmu ba ya barin roba ta tsufa da mutunci. Shokozoba da sifirin bibbiyu ake canza su, dama da hagu tare. Akwai kuma wata ƙa'ida da yaran gareji ke yawan tsallakewa: ba a ƙarasa ɗaure notin bushin sai an sauke motar ta zauna a kan tayoyinta. Wanda aka ɗaure taya na lilo a sama, da an sauke motar sai robar ta murɗe, ba a jima ba ta yage. Sifirin gaba kuma a matse yake da ƙarfin da zai iya karya haƙarƙarin mutum, kada a yarda a kwance shi da igiya ko waya, akwai abin matse shi na musamman.

Birki ba wurin tsimi ba ne. Motar da ta yi shekaru a ajiye, ba fad kaɗai take buƙata ba. Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa ake so a canza shi duk shekara biyu. Sabon man birki na DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwa zai iya tafasa a wajen 155. A doguwar gangara irin ta hawan Kibo, birki ya ɗauki zafi, man ya tafasa ya zama tururi, direba ya taka ya ji feda ta tafi ƙasa babu komai. Wannan ruwan dai shi ke cin cikin masta da silindojin taya da bututun ƙarfe daga ciki. Tiyon roba kuma yana iya kumbura ta ciki, waje na nuna lafiya, ya riƙe birkin taya ɗaya motar ta riƙa fizga gefe. A sabunta tiyo duka, a canza duk bututun da ya yi tsatsa, kada a yi masa walda ko faci. Kada kuma a zuba man inji ko man giya a madadin man birki ko da sau ɗaya ne, domin kumbura robobin yake yi. Ƙurar tsohon layinin birki na iya ɗauke da asbestos mai illa ga huhu; a jiƙa ta a goge, kada a busa ta da iska.

Wajen fitar da iska daga birki, ana farawa daga tayar da ta fi nisa da masta a ƙare da mafi kusa, mutum ɗaya na taka feda, ɗaya na buɗe noti, ana lura kada kofin man ya ƙafe. Feda mai kyau tauri take yi ta tsaya. Idan an danne ta tana ta nutsewa a hankali, masta na zubarwa ta ciki ko akwai yoyo a wani wuri, aiki bai ƙare ba.

Tayar da ta daɗe ita ma abin zargi ce ko da zanenta bai cinye ba. Lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT da ke gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Bayan an sa sababbi an yi alaimen, a gwada birkin a fili inda babu jama'a, a hankali tukuna, sannan da ɗan gudu. Idan motar ta tsaya miƙe ba ta ja gefe ba, to yanzu ne mai ita zai je ya yi ciniki da mai fenti.