Shekarun yaro da kuɗin abinci a wuraren wasa na Disney: takarda ake bi, ba baki ba



Makon jiya, cikin shirin gaishe-gaishe, wani ɗan uwa da ke zaune a Faransa ya turo mana saƙon murya. Yana son kai iyalinsa hutu Disneyland ta kusa da Paris, har da ɗiyar wansa da yake riƙo, wadda aka haifa nan gida. Da ya zo kama ɗaki da biyan abinci ta intanet, sai aka nemi ranar haihuwar kowane yaro. Nasa biyu haifaffun can ne, ba wata damuwa. Ita yarinyar kuwa, kowa a dangi na cewa shekararta 12, amma fasfo ɗinta ya nuna ba ta cika ba. Tambayarsa: wanne zai bi? Mun amsa masa a gurguje, ga cikakken bayanin nan.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, Disneyland wani makeken filin wasa ne da shaƙatawa, mai lilo iri-iri, da otel-otel da gidajen cin abinci a ciki. Na Faransa an buɗe shi a 1992 a Marne-la-Vallée, gabas da Paris. Babban yayansa, Walt Disney World, yana kusa da Orlando a jihar Florida ta Amurka, an buɗe shi tun 1971. Duka biyun, shekarun yaro ne ke yanke kuɗin tikitin shiga da na abinci.

Wanda bai kai shekara 3 ba, ba a biya masa shiga, kuma a gidajen abincin da kowa ke ɗiba da kansa yana ci tare da iyayensa kyauta. Daga nan ne wuraren biyu suka rabu. A Paris, yaro shi ne mai shekara 3 zuwa 11, daga 12 ya zama babba. A Florida, yaro shi ne mai 3 zuwa 9. Ranar da ya cika 10, kuɗin manya za a biya masa, ko da bai iya cinye rabin faranti ba. Masu dangi a ƙasashen biyu su riƙe wannan, don yaron da ya shiga a kuɗin yara a Paris na iya zama babba a Amurka.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A Florida akwai tsarin biyan abinci tun kafin a je, wanda aka dakatar a 2020 lokacin korona, aka maido shi a Janairun 2024. A shekarar 2024, tsarin da ya haɗa da zama a ci a tebur sau ɗaya, da abincin tsaye sau ɗaya, da abin taɓawa, ya kama wajen dalar Amurka 94 ga babba a kowane dare, yaro kuma wajen 30. Dalar Amurka nake nufi fa, ba tamu dalar ta kasuwa mai faran 5 ba! Tazarar dala 64 ke nan, sama da jika 35 a kuɗinmu, a dare guda, kan yaro guda. A yi kwana 7, an haura jika 250. Kuma ba a zaɓe: in an ɗauki tsarin, duk wanda ke cikin ɗakin daga shekara 3 sai an saka shi a ciki. A Paris ma akwai irin wannan tsari, na karin kumallo kaɗai, ko da cin abinci sau ɗaya, ko sau biyu. Kuɗin na canzawa shekara-shekara, a duba na lokacin tafiya.

To wace rana ake lissafi da ita? A Florida, shekarun da yaro yake da su ranar da aka sauka otel su ake bi har a gama hutun. Wanda ya iso yana da 9, ya cika 10 bayan kwana biyu, yaro ne har ya koma gida. Amma ba ranar da aka biya kuɗi ake kallo ba. Wanda ya biya a watan Maris ɗansa na da 9, tafiyar kuma sai Agusta bayan ya cika 10, kuɗin manya ne a kansa. Mai zuwa Paris ma ya lissafa da ranar zuwa, ya kuma karanta sharuɗɗan da ke jikin takardar da ya biya.

Sau da yawa ma'aikata ba sa tambayar komai, abin da uba ya rubuta shi suke ɗauka. Amma suna da ikon neman shaida, musamman in yaro ya yi tsawo ko jiki. Fasfo ya fi kowace takarda ƙarfi, don yana da hoto da ranar haihuwa tare. A Faransa katin ɗan ƙasa na yaro ko littafin iyali na yi, yaron da ba ɗan ƙasa ba kuma yana da takardar zirga-zirgar yara baƙi. A Amurka yawancin yara ba su da kati, kwafin takardar haihuwa iyaye ke riƙewa. A ɗauki hoton takardar a waya, amma ta hannu ta kasance kusa, don ba kowane ma'aikaci ne zai gamsu da hoto ba. Abu ɗaya kuma da ke rikita mutanenmu: Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. 03/08 a wurinmu 3 ga Agusta ne, a wurinsu 8 ga Maris. Wata biyar ke nan tsakani, ya isa ya tsallakar da yaro daga wannan kuɗi zuwa wancan.

Yanzu mu dawo kan yarinyar da aka yi tambaya a kanta, don nan ne maganar ta shafe mu sosai. Mu a gida ba da ranar wata muke ƙirga shekaru ba. Uwa za ta ce an haife ta damanar da aka yi kaza, ko tsakanin salla ƙarama da babba. Shekarar watan Musulunci kuma ta gaza ta Turawa da wajen kwana 11, don haka yaron da ya ga azumi 12 zai iya kasancewa bai cika 12 a takarda ba. Ga kuma yadda muke magana: in aka ce yarinya "ta shiga sha biyu", 11 ta cika, tana cikin ta 12. Su can cikakkun shekaru kawai suke ƙirgawa. Uban da aka tambaya ya amsa da baki "sha biyu" ya jawo wa kansa kuɗin manya a banza. Shi ya sa amsar da muka ba ɗan uwanmu ita ce: bi fasfo.

Akwai kuma yaran da ba a yi wa takardar haihuwa cikin wa'adi ba, sai daga baya aka yi musu jujuman a kotu, ko lokacin da alƙalai ke zagayawa ƙauyuka. Wasu an rubuta musu shekara kawai, irin "né vers" ɗin nan da iyayenmu da yawa ke ɗauke da shi, sai a fasfo ta koma 1 ga Janairu. Irin wannan yaro a takarda ranar sabuwar shekara yake ƙara girma, ko da da kaka aka haife shi. Hutun lakwal na ƙarshen shekara a Faransa kuwa daidai nan yake faɗawa. Isa 29 ga Disamba da isa 2 ga Janairu ba kuɗi ɗaya ba ne ga yaron da ke bakin iyaka.

Na san wani zai ce tunda ba a cika tambaya ba, me zai hana a rage wa yaro shekara ɗaya? Ni dai ban ba da wannan shawara ba. Kuɗin da aka rage ta haka ba halaliya ba ne, kuma yaro na tsaye yana jin ubansa. Su ma'aikatan wurin suna son hira da yara, su tambaye su sunansu da shekarunsu cikin wasa, yaro kuwa gaskiya zai faɗa da ƙarfi. In kuɗin ya yi nauyi, tsarin abincin ba dole ba ne. Ana iya barinsa a riƙa saye kaɗan-kaɗan, a Florida ma an yarda a shiga da ɗan guzuri daga waje.

Kada a haɗa wannan da awon tsawo da ake yi a bakin wasu lilo. Wancan don tsaron lafiya ne, ba ruwansa da shekaru ko kuɗin abinci.

Ku kuma na gida da ƴan uwa ke riƙon ƴaƴanku a waje, in sun nemi takardar haihuwa ko jujuman, ku ɗauke ta hoto gaba da baya a wuri mai haske, hatimi ya fito sosai. Ku duba ranar da ke jiki ta yi daidai da ta fasfo. In sun saɓa, a fara zuwa ofishin magajin gari inda aka yi takardar a ji yadda ake gyara, tun kafin a sayi tikiti.