Haƙoran Dainoso: Kasuwar da ke Kwashe Dukiyar Sahara

Yau zancen haƙori za mu yi, amma haƙorin da ya shekara miliyan 95 a ƙasa.

Ku shiga intanet ku duba, za ku tarar ana sayar da haƙoran dainoso kamar yadda ake sayar da agogo. Turawa da Amurkawa na tara su a gida don sha'awa. Kuma mafi yawan masu arahar daga Afirka suke fitowa, daga wani yanki da ake kira Kem Kem a kudu maso gabashin Maroko.

Me ya sa haƙora suka fi ƙashi yawa? Dainoso mai cin nama yana zubar da haƙori ne duk tsawon rayuwarsa, wani ya faɗi wani ya tsiro, kamar dai kada. Dabba ɗaya sai ta bar ɗaruruwa. Ga shi haƙori ya fi ƙashi tauri, bai cika ruɓewa ba kafin ya zama dutse.

Iri biyu aka fi nema. Na Spinosaurus dogo ne mai tsini, ba shi da kaifi a gefe, domin shi kifi yake kamawa. Na Carcharodontosaurus kuwa falle ne kamar wuƙa, gefensa zarto-zarto, na yanka nama. 'Yan kasuwa kan yi masa laƙabi da T. rex na Afirka don kuɗinsa ya tashi, alhali danginsu ma daban ne. Wani haƙorin kuma gutsattsari ne aka haɗa da gam, aka shafe da yashi.

To wa ke haƙowa? Talakawan ƙauye ne, da diga da shebur, suna kutsawa cikin ramukan da suka huda a jikin tsauni, wani lokaci ramin ya rufta da mutum. Su ake ba na cefane, ribar kuma tana hannun dillalai. Ni ba na ganin laifin mai haƙa, yunwa ce. Abin da ke ci min rai shi ne, da zarar an zare haƙori ba a rubuta daga wane wuri da wane zurfi ya fito ba, masana sun rasa abin da za su gane shekarunsa da dabbobin da ya rayu tare da su. Ya koma kayan ado kawai.

Kada ku ce Maroko da nisa. A jihar Agadas ta Nijar akwai Gadufawa, ɗaya daga manyan makabartun dainoso a Afirka. A can tawagar Ba'amurke Paul Sereno ta tono Suchomimus a 1997, mai cin kifi da ya kai kusan mita 11. A wajajen Ingal kuma aka samo Afrovenator a 1993. Wallahi da yawanmu ba mu taɓa jin sunayensu ba, yara a Chicago kuwa sun haddace.

Kuma ana iya ƙwato abin da ya fita. A 2012 an yi gwanjon ƙwarangwal ɗin Tarbosaurus a New York kan sama da dala miliyan 1, Mongoliya ta tsaya kai da fata cewa satowa aka yi, a 2013 aka mayar mata da abinta.

Wanda ke Yamai, ya leƙa gidan tarihi na Bubu Hama, akwai ƙwarangwal ɗin dainoso a tsaye. Ku ɗauko mana hoto, za mu saka a nan shafin. Sai shiri na gaba.